Katakon da Gara Ba Ta Ci

Har yau in na ga namiji ya ɗaga katako yana jinjina nauyinsa, ya ce "Kai!" yana murmushi, sai in kau da kai. Ba na iya tsayawa a wurin. Ko a kasuwa ne sai in ja mayafina in yi gaba, kada bakina ya suɓuce in gaya wa bawan Allah maganar da bai tambaye ni ba.

Maigidana ya daɗe yana aiki a wani kamfanin fata a Challawa. Shi ke kula da gangar jima, wata ƙatuwar aba ta katako da ta kusa kai ɗakin kwananmu girma. A cikinta ake zuba fatu da ruwa da magunguna, inji ya yi ta juya ta. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, daga ƙararta ma yakan gane in an cika mata kaya. In ya dawo gida nan Panshekara, warin jikinsa ke riga shi sallama. Na yi mita har na gaji, na sayi sabulu iri-iri, daga baya hancina ya haƙura. Mutum ne mai sanyin baki, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Amma in ya kafe a kan abu, gara ki je ki yi wa turmi magana.

Da kamfanin ya tsaya aka sallame su, bai zauna a majalisa yana ƙorafi ba kamar wasu. Ya koma gonar gadonsu da ke ƙetaren kogi. Ni kuma na ci gaba da abin da na saba, dafa shinkafa da wake ana kai wa leburori a bakin kamfanonin da suka rage. Da rani ba matsala, yakan naɗe wando ya taka kogin da ƙafa. Da damina kuwa kogin Challawa yakan cika ya batse. Tsohon da ke fito da mutane a da ya bar sana'ar. In za a bi ta gada sai an hau adaidaita sahu, a sauka, a sake hawa, sannan a taka doguwar tafiya. Kafin ya isa gona rana ta take, ciyawa kuma ba ta jiran kowa.

Wata rana da yamma ya miƙo mini wayarsa. Wani Bature ne a ciki yana haɗa wani siririn kwale-kwale, mai cin mutum ɗaya, gaba a rufe baya a rufe, sai rami a tsakiya inda ake zama. Filafilinsa baki biyu, ana tuƙa dama ana tuƙa hagu. Malam ya ce irinsa zai yi.

Na ce, "Malam, ka iya ruwa ne?"

Ya ce, "Yo ai don ban iya ba nake son jirgi. Wanda ya iya ruwa me zai yi da shi?"

Na yi dariya, don na ɗauka zance ne irin na bayan tuwo. Ashe har ya riga ya yi magana da kafintan unguwarmu, abokinsa tun na ƙuruciya. Mutumin kirki ne kafintan nan, gwanin ƙofa da gado da bencin makaranta. Amma jirgi, ban da a waya, ba na jin ya taɓa matsawa kusa da shi.

Sai aka shiga neman katako. Sun je 'Yan Katako a Na'ibawa, sun zaga Sharada inda ake sayar da farin katakon akwatunan da ake ɗauro injina a ciki. Duk inda Malam ya je sai ya dawo da guntaye a aljihu. Ya baje su a kan tabarma, ya ce wannan afara ne, wannan malaina, wannan na akwatin inji. Ya ɗauki ɗaya ya danna farcensa, farcen ya shige.

"Dubi nan. Wannan ai biskit ne. Gara za ta yi walima."

Ya ɗauki wani ya jefa sama ya cafe. "Ba nauyi. Yaya zan ɗora raina a kan abin da iska za ta ɗauka?"

Ban ga laifinsa ba a lokacin, don haka muka taso muka tarar. Mu nan katako na rufi ne da ƙofa, abokin gabarsa kuma gara. Katakon kirki shi ne mai nauyi, wanda ƙusa ke lanƙwashewa a jikinsa. Mahaifina ma da zai yi rufin ɗaki, azarar da ta gagari mutum biyu ita ya zaɓa. Wanda ya sayi mara nauyi, an cuce shi ke nan. Kowa ya san wannan, har yara.

Ana cikin haka labari ya zo cewa 'yan gwangwan sun shiga tsohon kamfaninsu suna kwance ƙarafa, har an farfasa gangar. Malam ya zura takalmi ya fita ko karyawa bai yi ba. Da azahar sai ga masu tura kura suna nishi a ƙofar gida. Falankan gangar ne, dogaye masu kauri, launinsu baƙi-baƙi ja-ja, cikinsu ya rine da wani kore-kore. Warin da na yi zaton na rabu da shi ya dawo ya cika gidan.

Ban taɓa ganin Malam da fara'a irin ta ranar ba tun da aka sallame su. Yana shafa katakon kamar mai shafa goshin doki.

"Kin ga wannan? Tun kafin in shiga kamfanin yake cikin ruwa, dare da rana, ga gishiri ga magani. Bai ruɓe ba, bai tsage ba. Katakon da ya sha wannan, ruwan kogi me zai yi masa?"

Maƙwabta suka yi ta shigowa zaure. Kowa ya kama gefe ɗaya ya ɗaga sai ya ce, "Kai! Wannan shi ne katako." Kafinta ya ƙwanƙwasa da guduma, ya ce ko a mafarki bai taɓa samun irinsa ba. Ni ma da suka watse na leƙa na gwada ɗagawa, ko motsi bai yi ba. Na ce a raina lalle Malam ya yi dace.

Aka kai inji aka tsaga shi siri-siri. Mai injin ma, in ji su, sai da ya yi ta tsaki, wai an dakushe masa zarto. Suka fara aiki a zaure. Daga nan ƙananan abubuwa suka fara damuna. Garin katakon in ya taɓa fata sai ƙaiƙayi. Kajina da ba abin da ba sa tonawa, suka daina bi ta wajen. Na kwashi guntaye na sa a murhu don in rage sayen itace, wuta ta ƙi kama su, sai wani hayaƙi mai yaji da ya sa ni tari har da hawaye. Na kwashe su na watsar. Na ce a raina ai ba a girki da jirgi.

Ranar da na fara tsorata sosai, wanke-wanke nake yi. Akwai wani guntun katakon da nake tokare ƙofar madafa da shi. Na sunkuya zan ja baho, ƙafata ta ture shi, na ɗauka zan ajiye a kan katanga ya suɓuce ya faɗa cikin ruwan. Ƙulum! Ya tafi ƙasa ya kwanta.

Na tsaya ina kallonsa. Na zura hannu na ciro shi, na ɗora a hankali a kan ruwan, na saki. Ya sake tafiya ƙasa. Na je na tono guntayen nan da Malam ya raina, na akwatin inji da afara, na zuba. Suka yi ta yawo a sama abinsu. Na danna ɗaya da yatsa har ƙasan bahon, ina saki ya taso.

Da ya shigo cin abinci na ja shi har gaban bahon.

"Malam, dubi katakonka."

Ya duba. Ya yi murmushin nan nasa da ke ƙona mini rai. Ya ɗauki kwanon sha na ƙarfe ya ɗora a kan ruwan, kwano ya zauna daram.

"Wannan ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba? Jiragen da ke kawo kaya daga Turai da me aka yi su? Ba nauyi ke nutsar da jirgi ba, ke dai tsaya ga shinkafarki."

Ni kuwa ba a gaya mini haka in yi shiru. Na kamfaci ruwa da hannu na zuba a kwanon, na ƙara, na karkata bakinsa kaɗan. Ya shanye, ya bi katakon ƙasa. Na ɗauko ƙoƙon duma na cika shi fal da ruwa, na tura shi ƙasa da ƙarfi. Ya taso yana lilo, bakinsa a saman ruwa.

"To ka gani. Duka biyun sun sha ruwa. Wanne za ka kama in kana tsakiyar kogi?"

Ya daɗe yana kallon bahon. Na ɗauka na ci nasara. Can sai ya ce, "Ai ba zai sha ruwa ba. Kwalta za mu shafe shi da ita ciki da waje."

"In ya sha fa?"

"Haba! Ke bakinki ba ya faɗin alheri ne?"

Wannan kalma ta yi mini ciwo, har yau tana yi. Ni da nake neman ya tsira, ni ce mai mugun baki. Na kwashe kwanukana na shige ɗaki.

Ban haƙura ba. Na shirya na tafi Kumbotso wurin yayansa, wanda shi kaɗai yake jin maganarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Yaya, ku taimaka ku yi wa ƙaninku magana. Katakon nan nutsewa yake, da idona na gani, shi kuma bai iya ruwa ba." Ya ce zai zo, ya kuwa zo. Ina daga ciki ina kasa kunne. Na ji sallamarsa, na ji an yi gaisuwa. Sai na ji nishi, sannan, "Kai! Ina ka samo wannan?" Na dafe kai. Da zai tafi ya leƙo ya ce mini in kwantar da hankalina, mata akwai tsoro, kuma ajali ba ya bin katako. Na ce, "Haka ne, Yaya." Me zan ce? Amma ai an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Da na ga ba mai sauya katakon, sai na koma ga abin da nake da iko da shi. Ina da jarkokin man gyaɗa na sana'ata, manya, masu ruwan ɗorawa. Na zaɓi biyu masu lafiyayyen murfi, na wanke, na naɗa leda a bakin na murɗe tam. Na ajiye su a gabansa.

"Ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a ɗaure da igiya. In ba haka ba, wallahi ranar da za ka sa jirgin nan a ruwa zan kwanta a ƙofar zaure, sai dai ka taka ni."

Ya ce za su cinye wurin kaya. Na ce su cinye. Ya ce 'yan yashi da ke haƙa a kogin za su yi masa dariya. Na ce su yi, dariya ba ta kisa. Ya kalle ni ya girgiza kai, ya ce, "To, Hajiya mai jarka." Daga ranar sunan ya bi ni. Na kuma ja masa kunne kada ya bar mini su a rana, don rana na busar da roba ta tsage.

Ranar da aka kai jirgin kogi na nace sai na je. Maza shida suka sauke shi daga kura, abin da Baturen nan na waya yake saɓawa a kafaɗa shi kaɗai. Baƙi ƙirin da kwalta, siriri, dogo. Ban so yadda ya tuna mini da makara ba, na yi a'uziyya na kau da kai. Ruwan wajen ma ba shi da kyan gani, don kusa da nan ne magudanar kamfanoni ke shigowa, wani shuɗi-shuɗi da kumfa a gefe. Malam ya yi bismilla ya shiga. Jirgin ya zauna, bai yoyo ba ko ɗigo, maza suka yi kabbara. Ni abin da na gani daban. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi faɗin tafin hannuna ba.

Wani cikin masu haƙar yashi da ke lodin tifa ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ka riƙa kauce wa tsakiyar can. Da rani mun yi rami a wurin, ya fi tsayin gida." Malam ya ɗaga masa filafili alamar ya ji. Ya ƙetare lafiya, ya dawo lafiya.

Haka aka yi ta yi. Ya tafi da sassafe, ya dawo kafin la'asar. Kullum in ya shigo sai ya tsaya a tsakar gida ya buɗe hannuwa ya ce, "Ga kwanonki ya dawo, bai nutse ba." In ce, "Allah Ya sa haka kullum." Yakan kawo mini kuɓewa da yakuwa, in yi miya. Gonar ta yi kyau irin wanda ba ta taɓa yi ba, don yana isa da wuri. Maƙwabta har suka fara cewa su ma baɗi za su yi nasu, ana ta tambayar ko akwai sauran katakon. Akwai kuwa, falanki uku da suka rage, a jingine a zaure. Malam ya ce ba na sayarwa ba ne.

Sannu a hankali na fara sakin jiki. Ba gaba ɗaya ba. In hadari ya haɗu ta yamma sai in kasa zama, in yi ta leƙen ƙofa, wake na ƙonewa a tukunya. Guntun katakon nan kuma na daina tokare ƙofa da shi, na jefa shi bayan ɗaki don ba na son ganinsa.

Cikin marka masara ta nuna. Kwanaki ana ruwa can sama, mu nan sai yayyafi, amma kogin kullum ƙaruwa yake. Wata safiya aka ce ruwa ya fara shiga gonakin ƙetare. Malam ya ce in bai karyo masarar yau ba, gobe sai dai kifi ya ci. Ya ɗauki buhunan da zai zuba. Na bi shi har zaure.

"Malam, ka bi ta gada yau."

"In bi ta gada in ɗauko buhu a ka? Sawu biyu zan yi, ko uku, shi ke nan."

"Jarkokina na nan dai?"

"Suna nan, Hajiya mai jarka."

Ba ƙarya ya yi mini ba. A lokacin suna nan.

Azahar ta wuce, la'asar ta yi. Na sauke tukunya na mayar, na sake saukewa. Sai na ji sallamar Yaya a zaure, da muryoyin maza da yawa a bayansa, ba mai ɗaga murya. Yaya ba ya zuwa gidanmu da rakiya. Tun kafin ya shigo na zauna a ƙasa.

'Yan yashi ne suka ga abin, su suka ba da labari. Ya yi sawun farko lafiya da ɗan kaya, ya sauke. Da ya koma ya ga ruwa na ƙaruwa a gonar, sai ya yi lodi sosai, gaba da baya. Ya zo daidai tsakiyar nan, wani reshe da ruwa ya ɗauko ya bugi gefen jirgin, ruwa ya haura baki. Suka ce ko kifewa bai yi ba. Tafiya ƙasa kawai ya yi, kamar an ja shi. Kafin su faɗa ruwa ba jirgi ba mutum, sai masara tana yawo a sama. Sun yi nutso har duhu ya hana su. Washegari da safe aka same shi can ƙasa, ciyawar bakin kogi ta riƙe shi. Jirgin kuwa har yau yana cikin ramin.

Tare da gawar aka kawo mini jarkokina. A ƙetare aka tsince su, gindin wata bishiya a bakin gonar. Ya kwance su don ya samu wurin buhu, ya ɗaure su wuri guda da igiyarsu, ya lulluɓe su da karan masara kada rana ta taɓa su. Da na ga haka na yi kuka irin wanda ban yi ba da aka shigo da shi. Na kuma yi fushi da shi, fushi mai tsanani, ina zaune kusa da gawarsa. Ka tuna rana za ta ɓata mini roba, ka manta abin da na sa robar ta yi? Allah Ya gafarta mini, Ya gafarta masa. Har yanzu fushin bai gama fita ba.

Ana shirin jana'iza, mata sun cika ɗaki, sai na ji ana shawara a zaure. Bango ɗaya ne tsakaninmu, komai ina ji. Itacen da za a jera a kan ramin ciki kafin a zuba ƙasa ake nema, an aika a sayo ba a dawo ba, rana kuma na yi. Wani ya ce, "Ga falankai nan a jingine." Yaya ya ce a yanka.

Kafinta ne ya yanka, da zarton da suka yi jirgin da shi. Katakon ya yi ta gardama, zarton na kuka, ya tsaya ya huta ya ci gaba. Ina jin yana jan hanci. Da ya gama na ji an fara ɗauka, na ji nishin wani dattijo da ban gane muryarsa ba, cikin masu zuwa gaisuwa.

"Kai! Wannan shi ne katako. Gara ba za ta taɓa kusantarsa ba."

Wata mata da ke kusa da ni ta ce, "Allah sarki, ya yi dace." Na buɗe baki zan yi magana, ƙanwata ta danne mini hannu. Aka ɗauke shi, aka ɗauki katakon, suka fita.